An cire ni daga tantancewar soja wai ba na bambance launi, alhali ina ganin ja ina ganin kore

Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne ɗan shekara 21 daga Daura. Tun ina firamare ba ni da burin da ya wuce in sa kakin soja. Bana na cike fom, sunana ya fito, na je Katsina tantancewa. Gudu na yi shi, tsawo na kai, gwajin jini da fitsari da hoton ƙirji duk lafiya lau. A gwajin ido ma na karanta allon haruffa har layin ƙasa. Sai aka buɗe mini wani ɗan littafi mai ɗige-ɗigen launi, aka ce in faɗi lambar da ke ciki. Shafin farko na ga 12. Na biyu na ce 3, wani na ce 21, wasu shafukan kuma ban ga komai ba sai ɗigo. Da yamma aka ce ban dace ba, wai ba na bambance launi. Mahaifina ya ce gurbina aka sayar wa ɗan wani. Mahaifiyata ta ce hannu aka sa mini. Yanzu wani mutum ya ce in kawo naira 250,000, zai ba ni littafin in haddace, kuma ya san wanda zai gyara takarda baɗi. Mahaifina har ya fara maganar sayar da saniyarsa. Baɗi ce damata ta ƙarshe saboda shekaru. Ƙannena biyu maza su ma soja suke so. Baba, in ma da gaske ne, me ya sa ba za a ɗauke ni ko akawu ko direba ba? Me zan yi?

Wani matashi, Daura

Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin komai, ka je ka roƙi mahaifinka ya dakata da maganar saniyar nan. Ka yi yau, kada ka bari sai ranar kasuwa ta matso. Sauran bayanin zai iya jira, wannan ba zai jira ba.

Na ji zafin da ke cikin wasiƙarka. Yaron da ya tashi a Daura, garin da ya fitar da janar har ya mulki ƙasar nan sau biyu, a jihar da ta haifi Hassan Usman Katsina da Shehu Musa 'Yar'aduwa, ba a tambayarsa dalilin son kaki. Ga shi kuma kana jin abin da 'yan bindiga suka yi wa mutanen Batsari da Jibiya da Safana. Wanda ya ce zai tsaya tsakanin mutanen nan da masu kashe su, ya cancanci a yi masa magana ta gaskiya, ko da ba ita yake son ji ba.

Na yi shekaru ina aiki a sashen ido na asibiti, kuma littafin da aka buɗe maka na riƙe irinsa har bangonsa ya gaji. Sunansa gwajin Ishihara, sunan likitan ido ɗan ƙasar Japan da ya fitar da shi a 1917, wanda shi kansa ya yi aikin likita a soja. Cikakkensa shafi 38 ne. Shafin farko lamba 12 ce, an yi ta yadda kowa zai gani, don a tabbatar mutum ya gane abin da ake tambayarsa. Shafi na biyu lamba 8 ce, amma idon da ba ya raba ja da kore sosai 3 yake gani. Akwai shafin da lambarsa 74, irin wannan ido kuma 21 yake gani. Bayan su akwai shafukan da lambar ke ɓace masa ɗungurungum, sai ɗigo kawai. Yanzu koma ka karanta wasiƙarka. Ka ce 12, ka ce 3, ka ce 21, sannan ka ce ba ka ga komai ba. Ba wanda ya koya maka waɗannan amsoshi, kuma su ne daidai amsoshin da aka tsara littafin ya fitar daga bakin mai wannan lalura. Ba zan rantse maka cewa ba a taɓa zaluntar kowa a harkar ɗaukar aiki a ƙasar nan ba, mahaifinka ma ba a banza zuciyarsa ta tafi can ba. Amma a taka maganar, shaidar daga bakinka ta fito, tun kafin wani ya ɗauki biro.

Ka ce kana ganin ja kana ganin kore, kuma na yarda da kai. Sunan da ake kiran abin da shi, makantar launi, shi ke ruɗa mutane, sai a ɗauka mai shi duniya yake gani fari da baƙi kamar tsohon hoto. A can bangon cikin ido akwai ƙwayoyi iri uku masu karɓar haske, kowane iri da zangon launin da ya fi kamawa, ƙwaƙwalwa kuma tana auna saƙonsu ta fitar da launi. A idonka iri ɗaya ya yi rauni ko ya karkata kusa da ɗan'uwansa, shi ya sa wasu launuka ke shige maka juna: ja mai duhu da ruwan ƙasa, kore da ruwan goro, shuɗi da ruwan hoda mai duhu. Tun kana yaro aka ce maka ganye kore ne, jini ja ne, ka riƙe sunayen, kana kuma taimaka wa kanka da haske da siffa da wurin da abu yake ba tare da ka sani ba. Fitilar kan titi ta sama ita ce tsaya, ta ƙasa wuce, ba ka buƙatar launinta. Littafin Ishihara duk waɗannan madogarai yake cirewa, ya bar ka da launi tsagwaronsa.

Ka gwada tuna wasu abubuwa. Ɗan ƙaramin hasken caja ko na fitila mai caji, wanda ke komawa daga ja zuwa kore in ta cika, kana gane shi daga nesa ko sai ka tambaya? In an je tsinkar barkono, kai ne kullum ake yi wa faɗa ka bar nunannu a jikin itace ko ka haɗo da ɗanyu? An taɓa yi maka dariya kan hular da ka ɗora a kan shadda? Na taɓa duba wani tela, dattijo da jikoki, wanda ya yi shekara da shekaru yaransa ke zaɓar masa zare, shi a ganinsa kawai sun fi shi ido ne. Da na buɗe masa littafin ya ce 21, ɗansa da ya rako shi ya leƙo ta kafaɗarsa ya ce, "Baba, ai 74 ce." Dattijon ya daɗe yana kallon shafin, ya karkata shi dama, ya karkata shi hagu, sannan ya ce, "Ashe shi ya sa." Haka yawancin masu abin suke ganowa, a makare, kuma a gaban mutane.

Gado ne, ana haihuwar mutum da shi. A tsakanin Turawa wajen namiji ɗaya cikin 12 yana da shi, mace kuwa wajen ɗaya cikin 200. A cikinmu baƙar fata bai kai haka yawa ba, amma duk wanda ya yi aikin ido ya san ba baƙon abu ba ne. Ba ya ƙaruwa, ba ya kai mutum ga makanta, kuma ba shi da magani, na asibiti ko na gargajiya. Gilasan da ake talla a intanet suna ɗan ƙara wa wasu launuka kaifi ne kawai, ba sa mayar da ido daidai. Addu'ar mahaifiyarka ka karɓe ta hannu biyu, babu abin da ya fi ta. Abin da nake roƙonka shi ne kada ka yarda a ɗiga maka ruwan wani ganye ko a zizara maka wani haɗi a ido da sunan karya sammu. Idonka lafiyayye ne, ya karanta allo har layin ƙasa, kuma na ga idanu masu kyau da irin wannan ɗige-ɗigen ya lalata.

Yanzu tambayarka ta akawu da direba, wadda tambaya ce mai hankali, domin ita ce ainihin abin da likitan soja yake aunawa. Likitan asibiti yana tambaya ne ko kana da ciwo. Likitan soja abin da ke gabansa shi ne, wannan jiki wane aiki zai iya ɗauka, a wane wuri, na tsawon wane lokaci, ba tare da ya zama nauyi ga na kusa da shi ba. Sojojin Kanada suka fara tsara wannan awo a 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta ɗauka ta faɗaɗa shi a 1948, ana kiransa PULHHEEMS, kuma rundunonin ƙasashe da dama da suka gaji tsarin Ingila sun bi sahu. Kowane harafi da abin da yake wakilta: ƙarfin jiki gaba ɗaya, hannuwa, ƙafafu da tafiya, jin kunnen dama da na hagu, ganin idon dama da na hagu, kaifin fahimta, sai natsuwar zuciya a lokacin tashin hankali. Ana ba kowanne maki tsakanin 1 da 8. Mai 2 a ƙarfin jiki ana iya tura shi ko'ina, mai 7 sai aiki mai iyaka, mai 8 kuma sallama ce. Amurka tana da nata mai haruffa shida, makinsa daga 1 zuwa 4. Ganin launi shi ma da nasa matakin daban, kuma a sojan Ingila akwai ayyukan da ake karɓar mai irin idonka, sai dai ba a ba shi tuƙin jirgin sama ko aikin da ya rataya a kan launin waya da fitila.

Ka ga kenan hankalinka bai yi nisa da yadda masu abin suka tsara shi ba. Inda gizo ke saƙar shi ne bambancin wanda ke ciki da wanda ke bakin ƙofa. Sojan da ya yi shekara goma, ƙarar bindiga ta rage masa ji, ko gwiwarsa ta samu matsala a daji, ana sake auna shi a sauke masa mataki, a mayar da shi sito ko ofis ko koyarwa, saboda an riga an kashe kuɗi an horar da shi, kuma a bakin aiki ya samu raunin. A bakin ƙofa kuwa, inda masu nema suka ninka guraben sau da yawa, kwando biyu ne gaban likita, ya dace ko bai dace ba. Shi ya sa ake sa ma'auni a sarari tun a sanarwar ɗauka, kamar tsawon mita 1.68 ga maza da 1.65 ga mata, da shekara 18 zuwa 22 ga wanda ba da sana'a ya nema ba. Kurtun da ya shiga makarantar horo ta Zariya, wadda ke aikin nan tun 1924, soja ake fara mayar da shi kafin a san ɓangaren da za a kai shi. Akawun bariki yana gadi da dare, direban soja kuma shi ne a gaba in ayari ya shiga daji.

Bari in nuna maka inda launi ke shiga aikin, don kada ka ɗauka ƙa'ida ce ta takarda kawai. Taswirar soja da launi take magana, shuɗi ruwa ne, kore daji, ruwan ƙasa layukan tudu da kwari, kuma bisa al'ada ana zana abokan gaba da ja, namu da shuɗi. Jirgin sama da jirgin ruwa da dare jan haske ke hagunsu, kore a damansu, da su ake gane ko abu tahowa yake ko tafiya. Hasken da ake harbawa sama da hayaƙin da ake tayarwa don ba da saƙo, launinsu ne ma'anarsu. Wayoyin rediyo da na mota da launi ake bambance su. Ka sa kanka a bakin daji ƙarfe biyun dare, an ce maka in ka ga kore naku ne ke dawowa, in ka ga ja ka buɗe wuta. Haske ya tashi can nesa, ɗan ƙarami, ta cikin ƙurar hunturu, daƙiƙa uku ya mutu. Ba sama ba ƙasa kamar fitilar titi, ba wanda za ka tambaya. A irin wannan wurin ne idonka ya fi rauni, ƙaramin haske mai nisa, kuma waɗanda ke tahowa 'ya'yan wasu ne kamar kai.

Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake cewa ka rabu da mutumin naira 250,000. Ko ta fuskar dabara ma cinikin bai yi ba. Neman shiga soja kyauta ne, rundunar da kanta take nanata haka duk lokacin ɗauka, kuma masu cewa sun san wani a ciki yawancinsu wayarsu ke mutuwa ranar da kuɗi ya shiga hannu. Littafin yana da bugu mai shafi 38 da mai 24 da mai 14, mai gwaji yana iya buɗe shi ta inda ya ga dama, in ya yi shakka kuma akwai gwajin fitila da na jera ƙananan murafu masu launi, waɗanda ba a haddace su. Soja ba sau ɗaya ake duba shi a rayuwar aikinsa ba, kuma ba da bayanin ƙarya wurin shiga laifi ne a dokar soja. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Amma ko da a ce zai yi nasara, ko da a ce ba za a taɓa kama ka ba, da kai za ka kwana da sanin cewa akwai daren da za a dogara da idonka kuma ba zai iya ba. Yaron da ya rubuto mini wannan wasiƙa ban ga alamar zai iya zama da wannan a ransa ba.

Abin da za ka yi shi ne ka je wurin likitan ido a sake gwada ka a natse. Asibitin ido na jiha yana nan a Katsina, akwai kuma sashen ido a Asibitin Koyarwa na Tarayya, in ana buƙatar gwaji mai zurfi Cibiyar Ido ta Ƙasa tana Kaduna. Gwajin da ake yi a waya kada ka dogara da shi, hasken allo yana canza launi. Yadda ya kamata, a hasken rana ake yi, littafin na nesa da kai kamar tsawon hannu, kowane shafi 'yan daƙiƙu, kowane ido da nasa. Ka gaya wa likitan duk maganin da ka taɓa sha na dogon lokaci, domin akwai raunin ganin launi da ke zuwa daga baya, daga ciwon jijiyar ido ko wasu magunguna, kamar ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka. Wannan daban yake da na gado, kuma shi yana buƙatar kulawa. Ka nemi a rubuta maka sakamakon, da irin raunin da kuma ƙarfinsa.

Ka tafi da mahaifinka. Kada ka tsaya jayayya da shi a gida, dattijon da ya ga an danne na ƙasa sau da yawa ba bayanin ɗansa zai sauke shi daga zarginsa ba. Ka ce masa, "Baba, mu je ka gani da idonka kafin a taɓa saniya." A buɗe muku shafi ɗaya ku biyu, shi ya faɗi tasa lambar kai ka faɗi taka. Gani ya kori ji.

Akwai wani abu da likita zai iya faɗa a gabansa, gara in riga shi. Wannan gado ta wajen uwa yake zuwa wa ɗa namiji. Mace tana ɗauke da shi idonta lafiya lau, kowane ɗa namiji da ta haifa kuma rabi da rabi ne, ko ya ɗauko ko bai ɗauko ba. In ka bincika za ka iya samun wani kawunka ko kakanka na wajen uwa da aka sani da rikita launin kaya. Ina gaya maka ne don ka sani, kuma ina ja maka kunne kada wannan magana ta zama abin goranta wa mahaifiyarka, daga bakinka ko bakin wani a gidan. Ba ta zaɓa ba, ba ta sani ba, kamar yadda ba ta zaɓar maka tsawon da ya kai ka layin tantancewa ba. Kai kuma 'ya'yanka maza ba za su gada daga gare ka ba, 'ya'yanka mata ne za su ɗauka su iya miƙa wa nasu 'ya'yan maza.

In sakamako ya nuna idonka daidai yake, abin da ban sa rai ba bisa lambobin da ka faɗa, to ka sake cike fom baɗi, kyauta, da hannunka. In kuwa ya tabbatar, shawarata kada ka ƙona shekarar nan kana jiran littafin ya canza amsa, ba zai canza ba. Sojan sama da na ruwa sun fi tsananta maganar launi, don haka can ma ba mafita ba ce. Na san wannan jimla tana da nauyi ga wanda ya yi shekara goma sha yana gudun asuba saboda rana ɗaya. Ka yi baƙin cikinka, halal ne. In ka ga makonni sun wuce ba ka barci, ba ka cin abinci, kana guje wa abokai, ka faɗa wa wani babba da ka yarda da shi ko ka ga likita, kada ka riƙe shi kai kaɗai.

Sannan ka zauna ka tambayi kanka me kake so a cikin kakin. In albashi ne tabbatacce da mutunci a gari, hanyoyinsu suna da yawa, kuma takardar sakandaren da ta kai ka tantancewa tana iya kai ka kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke nan Daura, ko ta Hassan Usman Katsina, ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. In kusanci da rundunar ne, akwai fararen hula da ke aiki a Ma'aikatar Tsaro, da masu koyarwa a makarantun soja, da ma'aikata a asibitocinsu. Sai dai ka zaɓi fanni da sanin idonka, don kada a sake tsayar da kai gefe bayan ka kashe shekaru. Tuƙin jirgin ƙasa da na sama da na ruwa duk ana gwada launi, wannan ka riƙe shi tunda ga Jami'ar Sufuri a garinku, ka yi tambaya kan kowane kwas kafin ka nema. Haɗa wayoyin lantarki da wasu ayyukan ɗakin gwaje-gwaje su ma za su wahalar da kai. Lissafin kuɗi, koyarwa, shari'a, kwamfuta, kiwo da kasuwanci, babu ruwansu da 74 ko 21.

Ƙannen nan naka biyu, ka sa su a mota ranar da za ku Katsina. Kowannensu rabi da rabi ne kamar yadda na faɗa, gwajin kuma bai wuce minti biyar ba. Wanda ya ga 74 ya ci gaba da gudun asubarsa, kai ka zama mai horar da shi tunda ka san hanyar har ƙofar likita. Wanda ya ga 21 kuma ya ji tun yanzu, a ɗakin asibiti, kana tsaye kusa da shi. In kun dawo ka rubuto mini abin da takardar ta ce da fannin da zuciyarka ta karkata, mu duba shi tare. Allah ya zaɓa maka mafi alheri, ka gaishe mini da mahaifanka.